Takardar da Aka Dangwala wa Yatsa

A Cadawa, inda hanyar Mayahi ta rabu da babbar kwaltar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Agye da Gazawa, akwai wani manomin aya da ya dangwala babban yatsansa a ƙasan wata takarda mai shafi bakwai ba tare da ya san abin da ke cikinta ba. Ba ranar ya fara ba. Haka ya yi wa takardar bashin taki, haka kuma yake yi duk ranar zaɓe. Sai dai wannan takarda ta sha bamban da sauran, domin ita ce dokar cikin gida ta wata makarantar kuɗi da ke koyar da aikin lafiya a birnin Maraɗi, inda ya kai ɗiyarsa ta fari bayan ta ci jarrabawar BEPC. Magatakarda ya nuna masa gurbi, ya turo tawada, ya ce, "Nan, Baba." Ɗiyar ta sa hannu kusa da yatsan. Ita tana jin Faransanci, amma layi ya yi tsawo a bayansu, kuma mai neman shiga gida ba ya tsayawa karanta abin da aka rubuta a ƙyaure.

Yarinyar haihuwar 2005 ce, shekarar da ɓarnar fara da ƙarancin ruwan daminar da ta gabata suka bar rumbunan jahar Maraɗi wayam, tamowa ta kama yara, har ƙungiyar likitoci ta MSF ita kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar. Tana cikin jariran da aka rataya a ma'auni a wannan shekara, aka auna damtsensu da zare mai launi uku, kuma masu fararen riguna ne suka mayar wa uwarta ita da rai. Tun a lokacin uban ya ƙudurta cewa in Allah ya raya ta, farar riga za ta sa. Da lokaci ya yi sai ya kai ɗaya daga cikin shanun amalankensa biyu kasuwa, ya haɗa da kuɗin ayar shekarar, ya biya kason farko.

Iyaye irinsa suna da yawa daga Gidan Rumji har Gazawa. Tun daga 2001, da shirin musamman na shugaba Tanja Mamadu ya fara gina ɗakunan shan magani a ƙauyuka, sannan a 2006 aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani, buƙatar ma'aikatan jinya da ungozomomi ta yi ta hauhawa. Makarantun gwamnati na Yamai da Damagaram ba su iya ɗauke kowa ba, jami'ar Maraɗi kuwa, wadda aka buɗe a 2010, sai mai bak take karɓa. Makarantun kuɗi suka cike gurbin. Domin kada kowace ta riƙa buga takardar shaidarta yadda ta ga dama, ma'aikatar lafiya ta kafa jarrabawa guda ta ƙasa wadda kowane ɗalibi sai ya ci ta kafin a kira shi ma'aikaci. Wannan dabara ce mai kyau, amma ƙofar fita take gadi. Abin da ake sa uba ya dangwala wa yatsa a ƙofar shiga, da yadda ake tafiyar da ɗalibi a shekaru ukun da ke tsakani, sun fi zama al'amarin kowace makaranta da mai ita.

Takardar ta yi shekara biyu a ƙasan akwatin yarinyar. Abin da ta sani daga cikinta shi ne abin da ake nanatawa a bakin aji: mai yawan fashi ba ya zama jarrabawa, haka ma wanda bai cika kason kuɗi ba, farce a yanke, riga a goge, waya a kashe, sama da kome kuma, wanda majo bai sa wa hannu a karne ba sai ya maimaita shekara. Karne shi ne ɗan littafin da ɗalibi ke tafiya da shi gidan likitan da aka tura shi koyon aiki, abin da ake kira sitaj, majo kuwa shi ne shugaban wurin, wanda alƙalaminsa kaɗai ke shaida cewa an yi aikin kuma an yi ladabi. Maimaita shekara a makarantar kuɗi, a wajen manomin Cadawa, ma'anarsa san amalanke na biyu zai bi na fari kasuwa. Yarinyar ta san wannan lissafi sarai, da shi take kwana da shi take tashi.

Ba a ce tsananin nan laifi ne ba. Aikin da ake riƙe ran mutum a hannu ba ya yiwuwa da sakaci, kuma duk wanda ya taɓa kwantar da nasa a asibiti ya fi son ma'aikaciyar da aka horar ta zo kan lokaci, ta wanke hannu, ta riƙe sirrin mara lafiya. Malaman da suka rubuta waɗannan dokoki sun san abin da suke tsoro. Matsalar tana wani wuri dabam, kuma sai da dare ya yi a wani ƙauye ta fito fili.

A watan Satumba na 2024, shekarar da ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a jahar Maraɗi, aka tura ta sitaj wani gidan likita na karkara mai nisa da kwalta. Lokacin masassarar cizon sauro ne. Gadaje sun cika, tabarmi sun cika, wasu na ƙarƙashin bedi ana rataya musu ƙarin ruwa a reshe. Majo ya yi kwana biyu bai runtsa ba. A dare na uku ya ce mata, "Ƴata, riƙe min wurin sa'a biyu, in wani abu ya fi ƙarfinki ki buga min ƙofa." Can tsakar dare aka kawo wani baƙo, fatake ne mai wucewa, jikinsa kamar garwashi, idanunsa sun yi ɗorawa. Ta yi masa gwajin masassara, ta nemi jijiya da fitilar waya a baki saboda batirin hasken rana ya mutu tun bayan isha'i, ta yi masa allura. Kwalin zubar da allurai ya cika har baki. Sai ta yi abin da aka hana ta tun makon farko na karatu, wato ta ɗauki murfi za ta mayar wa allurar. Mutumin ya zabura, allurar ta huda safar hannu ta shiga yatsanta.

Ta san abin da ake yi, domin ta rubuta shi a jarrabawa ta kuma ci: a wanke da ruwa da sabulu, kada a matse, a jiƙa yatsan cikin ruwan jabel da aka sirka na tsawon minti biyar, sannan a gaya wa shugaba nan take. Ta yi na farko, ta yi na biyu, ta yi na uku. Ƙofar majo na nan taku goma daga inda take tsaye, ba ta buga ba. Da asuba aka ɗora baƙon a mota aka wuce da shi Maraɗi, daga nan ba wanda ya sake jin labarinsa, ke nan damar a gwada jininsa a san abin da ke ciki ta tafi tare da shi.

Ya kamata mai karatu ya san girman abin da ta yi shiru a kansa. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta a rahotonta na 2002 cewa ma'aikatan lafiya kusan miliyan 3 ne allura ko wani abu mai kaifi da ya taɓa jini mai cuta ke huda kowace shekara, miliyan 2 daga ciki da jinin masu ciwon hanta nau'in B. Sida, wadda kowa ya fi tsoro, ita ce mai ƙarancin kamu ta wannan hanya, kamar sau 3 cikin 1,000. Kuma akwai maganin da ake sha kwana 28 domin tare ta, da sharaɗin a fara kafin sa'a 72 ta cika, in da hali ma cikin sa'o'in farko. Ciwon hanta nau'in B kuwa, in mai jinin yana cikin lokacin yaɗawa, yakan kama har mutum 30 cikin 100 na waɗanda ba su da rigakafi, ga shi Afirka ta Yamma na cikin yankunan da cutar ta fi katutu a duniya. Rigakafinsa allura uku ce: yau, bayan wata guda, sai bayan wata shida. Nijar ta shigar da shi cikin allurar jarirai a 2008. Wato duk ɗalibin da aka haifa kafin wannan shekara, irin ƴar manomin nan, ya shiga ɗakin jinya ba garkuwa, sai fa in wani ya tuna ya yi masa. A Faransa, inda aka kwaikwayo tsarin waɗannan makarantu har da sunayen darussa da tsawon riga, doka ta wajabta wa ɗaliban aikin lafiya wannan rigakafi tun 1991.

To me ya hana ta buga ƙofa? Ba jahilci ba ne, kuma majo bai taɓa yi mata tsawa ba. A iya saninta, abin da ya faru laifi ne: ta mayar wa allura murfi, an kuwa hana. Duk abin da ta taɓa ji daga dokar makaranta yaren laifi da horo ne, ba ta taɓa jin wata aya da ta bambanta ganganci da tsautsayi ba, ko wadda ta ce ɗalibin da ya kai rahoton kansa ba zai rasa sa hannu ba. Ta auna ciwon da watakila ya zo bayan shekaru da san da tabbas za a sayar bana, sai ta zaɓi shiru. Sa'a 72 ta cika tana raba wa yara magani.

A rana ta biyar, da ta zo gida hutun ƙarshen mako, uwarta ta ga ba ta taɓa tuwo ba, ta tambaya ba ta samu amsa ba. Da la'asar yarinyar ta nufi gidan tsohon malaminta na firamare, wanda ya yi ritaya amma har yau garin na kiransa Mushe. Mutum ne da ya koyar a azuzuwan gwaji na harshen gida, irin waɗanda aka fara a Damagaram a 1973, kuma shi ke riƙe da littafin ƙungiyar raya al'adu ta unguwarsu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta daɗe tana wasa da bakin hijabi, sannan ta faɗa. Bai yi mata faɗa ba. Ya ce, "Ɗiyata, gobe da sassafe sai Maraɗi, ko rigakafin hanta a samu a fara. Yanzu kuma je ki ɗauko min takardar da kuka sa wa hannu, ki kira min babanki."

A zauren Mushe, bayan sallar isha'i, aka karanta takardar karon farko tun da aka dangwala mata yatsa. Yana karanta aya da Faransanci, yana juya ta da Hausa, uban na sauraro da carbi a hannu. Kalmar "an hana" ta yi ta dawowa har uban ya fara faɗinta kafin Mushe ya kai. Matakan horo a jere suke tsaf, daga gargaɗi zuwa kora ta kwanaki zuwa kora ta har abada. An ambaci majalisar ladabtarwa da waɗanda ke zama cikinta, amma ba a ce ɗalibi na iya zuwa da mai yi masa magana ba, ba a ce a ba shi dalili a rubuce ba, ba a faɗi inda zai kai kuka in bai gamsu ba. Babin haƙƙin ɗalibi layi uku ne: ya samu darasi, ya shiga ɗakin karatu, a ba shi katin shaida. Game da sitaj, shafi guda cur na abin da ɗalibi zai yi wa gidan likita, babu ko kalma a kan abin da za a yi masa in jini ya fantsamar masa a ido ko allura ta soke shi, balle wanda zai biya gwaji. Da aka kai ƙarshe uban ya dubi tabon yatsansa a takardar ya ce, "Malam, ashe amanar da na ba su ban karɓi ko shaida ba."

In aka ce haƙƙin ɗalibi a Nijar, tunani yakan tafi titi. Ƙungiyar ɗalibai ta USN, wadda aka kafa a 1960, ita ta saba ɗaga murya, kuma ba a manta 9 ga Fabrairu 1990 ba, ranar da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai, abin da ya share hanyar babban taron ƙasa na 1991. Kuɗin alawus, abinci, ɗakin kwana da motocin jigila, waɗannan buƙatu ne da dubban mutane ke ji a jikinsu rana guda, shi ya sa suke iya cika titi. Ɗalibar makarantar kuɗi ba ta da alawus da za ta nema, kuma lokacin da ta fi buƙatar kariya ita kaɗai ce, tsakar dare, a ƙauyen da ko layin waya ba ya kamawa sosai. Ba a taɓa jin an yi zanga-zanga saboda kwalin zubar da allurai ba. Irin wannan haƙƙi sai dai a rubuta shi tun kafin a buƙace shi, a kuma karanta wa mai shi.

Masu ganin cewa maganar haƙƙi sangarta ce sukan manta da wanda ke kwance a gado. A 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar da littafin Une médecine inhospitalière, sakamakon binciken da aka yi a gidajen likita na Abijan, Bamako, Dakar, Konakiri da Yamai, inda suka nuna irin wulaƙanci da halin ko-in-kula da mara lafiyar da bai san kowa ba ke gamuwa da su. Ba a haifi kowa da wannan hali ba, koyonsa ake yi, kuma ɗakin sitaj na cikin manyan makarantunsa. Ɗalibar da ta koyi ɓoye hujin da ke yatsanta domin ta tsira da sa hannu, ranar da ta yi kuskuren awon magani a jikin jariri me ake tsammanin za ta yi? Wadda ba a taɓa ba ta dalilin makin da aka ba ta ba, da wuya ta ga wajabcin yi wa wata tsohuwa daga Gazawa bayanin allurar da za ta yi mata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma inda aka tanƙwara shi nan yake bushewa.

Abin mamaki, majon da ta ji tsoro shi ya fi kowa ɓacin rai da ya ji, kuma ba don murfin allura ba. Ya ce, "Haba ƴata! Ni sau uku tana soke ni a aikin nan. Da kin buga ƙofa, da kafin azahar kina Maraɗi." Ya sa mata hannu a karne ba tare da ya rage ko maki ɗaya ba, ya kuma ce shi ne bai kamata ya bar ɗaliba ita kaɗai da dare ba, ko da yake duk wanda ya ga layin da ke ƙarƙashin bedin nan ya san abin da ya kai shi. Ke nan ba mutumin ta ji tsoro ba. Hotonsa ta ji tsoro, wanda takarda da bakin aji suka zana mata.

Mushe da uban suka shiga motar Maraɗi suka je wajen daraktan makarantar. Ya karɓe su da mutunci, ya sa aka kawo ruwa, ya jajanta. Uban ya ce, "Ranka ya daɗe, ban zo ƙara ba. Na zo in ji, in da ciwon ya kama ta, wa ke da ita, ku ko ni?" Darakta ya ce ai doka ba ta hana ta faɗa ba. Mushe ya ce, "Ba ta hana ba, Mushe Darakta, amma ba ta ce ta faɗa ba, ba ta ce wa za ta faɗa wa ba, ba ta kuma ce in ta faɗa shekararta na nan ba. Yarinya ƴar shekara goma sha tara ba ta karanta abin da ba a rubuta ba." Darakta ya yi shiru, sannan ya kawo nasa uzuri, wanda ba ƙarya ba ne: rabin iyaye ba su cika kuɗi kan lokaci, in ya ɗora kuɗin allura uku a kan kowane ɗalibi wasu za su koma makarantar da ta fi araha, kuma gidajen likita alfarma suke yi masa da suke karɓar ɗalibansa, ba ya iya kafa musu sharaɗi. Ya yi alkawarin kai maganar gaban majalisar malamai. Kuɗin gwaji da na rigakafi dai uban ne ya biya, da buhun aya da ya ajiye domin iri.

Gwajin farko ya fito lafiya, amma na farko ba ya yanke hukunci, sai an sake bayan watanni. Wata shida gidan ya yi yana jira. Uwar ta daina tambaya, sai dai duk safiyar da yarinyar ke gida takan ce ta matso haske ta dubi farin idonta. A watan Maris na 2025 aka yi mata allura ta uku, gwajin ƙarshe kuma ya nuna ba ta ɗauki kome ba. A cikin watan ne aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki.

Da aka koma karatu a Oktoba, takardar makarantar ta fito da shafi bakwai kamar da, da Faransanci, sai dai an ƙara layi guda a ƙasan babin sitaj mai ba ɗalibai shawarar su yi rigakafin ciwon hanta da kuɗinsu. Mushe kuwa ya riga ya kwafe fassararsa a littafin makaranta mai shafi talatin da biyu, ya bar fili a ƙarshe inda ya rubuta tambayoyin da uba zai yi kafin ya miƙa yatsa: wa ke tare da ɗalibi in ana aikin kwana, wa ake gaya wa in tsautsayi ya faru, wa ke biya, kuma in majo ya ƙi sa hannu ina ake zuwa. Gida huɗu a Cadawa suka ari littafin a wannan kaka, wani mai shago daga Gidan Rumji ya sa aka ɗaukar masa hotonsa a waya. Bangon ya fara yagewa, Mushe ya ɗinke shi da zare, ya rubuta a sama cewa wanda ya ara ya mayar.